Layin Tungar Kyauta

Sirajo ɗan Tungar Kyauta ne, wani ɗan ƙauye a bayan Moriki wanda mota ba ta kaiwa sai da rani. Shi ne autan uwarsa, kuma shi kaɗai ya rage mata cikin maza. Mahaifinsa ya rasu yana goye. Uwar, Inna Yalwa, da daddawa ta raine shi. Duk wanda ya taɓa sayen daddawa a kasuwar Moriki a shekarun baya ya san ta, wata doguwar mace mai ƙwarya biyu, wadda ba ta kiran mai saye sai shi ya zo da kansa.

Na san shi ne lokacin da ya zo Kaura Namoda karatu a foliteknik. Ɗakin da ke jikin zaurena ya kama. Yaro ne mara hayaniya. In ya dawo daga makaranta sai ya gaishe ni, ya shiga, ya buɗe wata tsohuwar kwamfuta da murfinta ke ɗaure da roba. Ya gama karatu, ya yi bautar ƙasa a kudu, ya dawo, ya auri Zulaihat, ɗiyar wani tela a unguwarmu. Sa'ad da ƙungiyarmu ta manoma ta samu tallafin kafa hanyar aika saƙo ga mambobinta ta waya, ni ina cikin dattawan kwamiti, ban sha wahalar kawo sunansa ba.

Ofishin shago ɗaya ne kusa da kasuwar hatsi. Su biyu ke ciki, shi da Ezekiel, mutumin Filato da ya daɗe a Kaura har Hausarsa ta koma irin tamu. Ezekiel shi ke kula da sola da batura, yana kuma sa wa mutane sola a gidajensu in ya samu. Ni kuwa in na fito daga Azahar nakan biya, saboda akwai fanka, akwai kuma benci.

Aikin ga shi kamar mai sauƙi. Kullum da safe ana tura wa manoma farashin gero da dawa da wake, da labarin ruwa in damina ce, da sanarwar taki in ya zo. Su ma ƙauyukan kowanne yana da wakili da ke turo nasa labarin: an yi ruwa, tsutsa ta shiga wake, buhu ya kai kaza a wurinsu. Na ɗauka waya ce ke magana da waya. Wata rana na ce masa haka, ya yi murmushi.

"Baba, ka san dillalin hatsi?"

"Kai dai faɗi abin da za ka faɗi."

"To, wanga akwatin da ke ƙarƙashin tebur dillali ne. Mai saƙo ya kawo ya ajiye masa, mai karɓa ya zo ya ɗauka sa'ad da ya samu hali. Ba sai sun haɗu ba. Kuma su ukku ne, ga wanga, akwai ɗaya a Shinkafi, akwai ɗaya a Zurmi. Abin da aka ba ɗaya, sai ya kwafa wa sauran. In ɗaya ya mutu, kaya ba su ɓata ba."

Ezekiel yana can yana goge kan batir, ya ce, "Dillalin da ba ya cin la'ada, Baba. Shi ya sa ba ka gane shi ba."

Allon da ke gaban Sirajo yana da layuka masu tafiya daga hagu zuwa dama, kamar sawun ƙwaro a kan rairayi. A hankali ya koya mini su, ba a zama ɗaya ba. Shuɗin layi yana nuna saƙonnin da ke shigowa. Koren yana nuna waɗanda suka fita suka isa wayar mai su. Akwai fitilu uku a sama, na dillalan uku, waɗanda ke komawa ja in ɗaya ya kasa bin 'yan'uwansa wajen kwafi. Amma wanda ya fi zuba wa ido shi ne layi mai ruwan ɗorawa. Shi yake kira layin jira: saƙonnin da aka ajiye, mai su bai ɗauka ba tukuna. Kowane ƙauye yana da nasa. In ya hau, saƙo ya taru. In ya sauka, an kwashe.

"Shiga da fita kowa na iya kallo," in ji shi. "Jira shi ne ke gaya maka inda ciwo yake."

Layin jiran garuruwan bakin titi kusan kwance yake, don wayoyinsu kullum a kunne suke, akwai sabis. Na Tungar Kyauta kuwa kamar haƙoran zarto. Yakan hau, ya hau, sai ya faɗo lokaci ɗaya, ya sake fara hawa. Dalili shi ne, a garin babu sabis, babu wuta. Wani mai babur, Faruku, wanda shi ne kuma wakilin ƙungiya a can, shi ke bi gida-gida ya tara wayoyi a buhun taki, ya kai su shagon caji a Moriki. A can ake kunna su. Nan take saƙonnin da suka taru sai su zuba, shi kuma ya turo labarin garin, da yamma ya mayar wa kowa tasa.

Akwai abin da wanda ba ɗan yankin nan ba zai yi mamakinsa. A shekarun nan, mutumin gari ba ya kiran ɗan'uwansa na ƙauye. Ba rashin zumunci ba ne. Waya tana iya yin ƙara a lokacin da bai dace ba, a gaban wanda bai dace ba. In mutanen daji suka ga lambar birni, ko su ce kai ne ke kai rahotonsu, ko su gane kana da wani mai albashi. Saboda haka ba a ajiye sunan ɗa a waya, ba a kuma barin sawun kira. Na ƙauye shi ke kira in ya fito kasuwa, ya goge kafin ya koma. Inna Yalwa kuwa ƙafa ta daina kai ta kasuwa. Lambar Sirajo Faruku ya haddace ta a ka, ba a rubuce ko'ina ba. Saƙon farashi shi ba ya jawo wa kowa komai, don kowa na samu.

To, da wannan layin Sirajo ke gaida uwarsa. In ya ga haƙorin zarton ya faɗo, ya san Faruku ya fito, hanya na biyuwa, garin na nan. Yakan ƙwanƙwasa allon da bayan yatsa ya ce, "Inna ta tashi lahiya." Sannan ya zuba shayi.

Sau ɗaya ta taɓa zuwa ofishin. Ya kawo ta asibiti ne saboda hawan jini, aka ɗora ta kan magani, kafin su koma ya biyo da ita ta ga wurin aikinsa. Ta ƙi zama kan kujera, ta zauna kan tabarmar sallarsa. Ya juyo mata da allon.

"Inna, kin ga wanga layin? Garinmu ke nan. Kullum ina kallo."

Ta matso da fuska, ta daɗe tana dubawa.

"Auta, ina nike a ciki?"

"Ga ki nan, cikin wanga da ya sauko."

"Ni ban ga kowa ba. Tsutsa na gani."

Ezekiel ya fashe da dariya. "Mama, ai shi ma tsutsar yake aure, ba Zulaihat ba. Tun safe har yamma yana gabanta."

"Kai, ɗan nema," in ji ta. "Kai kuma mi kake aure, batir?"

Ta juyo gare ni. "Malam, da gaske yana ganinmu?"

Na ce mata, "Yana ganin abin da yake gani, Yalwa." Ta gyaɗa kai, ta gyara lulluɓi. Na lura ta ji daɗi.

A ranar Sirajo ya roƙe ta ta zauna a Kaura. Ya riga ya yi magana da ni kan ɗakin da ke jikin zaure, wanda shi ya taɓa zama ciki, na ce nata ne duk ran da ta so. Ƙauyukan da ke gabas da nasu sun fara watsewa. Ta ce ta ji, amma ta shuka wake a bayan gida, kuma kalwar da ta jiƙa tana jiranta. In an cire wake, ya zo ya ɗauke ta. Ya ce ta yi alkawari. Ta ce ita ba yarinya ba ce. Aka rabu a kan haka: in wake ya shigo, zai je da babur ya taho da ita. Kafin nan, maganinta yana bin Faruku duk sa'ad da ya ƙare.

Zulaihat ta share ɗakin, ta shafe shi da farar ƙasa. Sirajo ya sa aka yi gado gajere, wanda tsohuwa za ta hau ba wahala.

Da kaka ta kama, ɗaya daga fitilun nan uku ta koma ja. Dillalin Shinkafi ne ya fara ja da baya. Abin da aka ajiye a Kaura da Zurmi ba ya kwafa a kan lokaci, wani lokacin ya ɗauke gaba ɗaya. Lokacin kuwa shi ne na cin kasuwar hatsi, saƙo ya ninka, shuɗin layi ya hau inda bai taɓa kaiwa ba. Sirajo ya ce in na Zurmi ma ya bi sahu, komai zai rataya a kan akwati ɗaya. Ya daina shan shayinsa da zafi. Idonsa na kan jar fitilar.

A cikin wannan hidimar ne ya ce mini, wata Azahar, "Baba, zo ka ga abin daɗi." Ya buɗe layin Tungar Kyauta. Haƙoran zarto sun ɓace. Layin ya kwanta a ƙasa, sumul, kamar na Moriki, kamar na Kaura. Saƙo na fita, ana ɗauka nan take.

"An gyara musu sabis ke nan," in ji shi. "An daɗe ana cewa za a ƙara wa ƙarfen sabis na Moriki ƙarfi. Ka ga yanzu ba su jiran kowa."

Na ce Alhamdu lillahi. Ya ce zai so ya kira, amma bari dai ita ta fara, kada ya karya ƙa'ida. Tunda ga sabis har gida, Faruku zai haɗa su in ya ga sarari.

Shi da Ezekiel suka tafi Shinkafi da sabbin batura, suka dawo, fitilar ta koma kore, ta sake komawa ja, suka sake tafiya. Hanyar ta Moriki take bi. Daga baya Ezekiel ya gaya mini cewa a tafiyar farko sun tsaya daidai mararrabar da ke shiga Tungar Kyauta, suka sayi rake. Ya ce masa, "Mu leƙa Mama mana." Sirajo ya dubi rana, ya dubi baturan, ya ce wake bai gama bushewa ba, in ya je yanzu faɗa za ta yi masa, kuma ai ya duba da safe, lafiya lau suke. Suka wuce.

Da suka gano ciwon na Shinkafi, ashe wata 'yar waya ce ɓera ya ci. Aka canza ta, fitilu uku suka tsaya kore. Ranar Sirajo ya sayo tsire, muka ci a ofis. Yana cikin nishaɗi ya sake buɗe layin garinsu, ya juya wa Ezekiel allon.

"Dubi nan, arnen batir. Ƙauyenmu ya waye. Ko Kaura ba ta fi mu ba."

Ezekiel ya leƙa yana tauna. "To wa ya sa musu sola ban sani ba? Wani ya ci mini kasuwa a garin Mama."

"Wace sola?"

"A'a. Waya a kunne safe da rana da yamma, ba ta mutuwa? Da mi suke caji, da daddawar Mama?"

Ya faɗa ne don a yi dariya. Ni ma na fara. Sirajo bai yi ba. Ya ajiye tsinken tsiren a kan takarda. Ya jawo allon gabansa, ya rufe layin jira, ya buɗe shuɗin, na shiga, wanda bai duba na garin ba tunda jar fitila ta ɗauke masa hankali. Shi ma a kwance yake. Amma kwanciyar shuɗi ba irin ta ruwan ɗorawa ba ce. Tun ranar da haƙoran zarto suka ɓace, ko saƙo ɗaya bai fito daga Tungar Kyauta ba. Faruku, wanda ko akuya ta haihu sai ya turo, bai ce komai ba.

Wayoyin garin duka suna wuri ɗaya, inda akwai sabis, inda akwai wuta, a hannun wanda ba ya kashe su. Kuma ba mai amsawa.

Ba wanda ya faɗi haka da baki. Ezekiel ya goge hannunsa a wando, ya ce, "Sirajo." Shi ke nan abin da ya ce. Sirajo ya tashi, ya ɗauki makullin babur. Na riƙe masa hannun riga.

"Ina za ka?"

"Gida, Baba."

"Tsaya a Moriki ka yi tambaya. Ka ji ko? Kada ka wuce Moriki sai ka yi tambaya."

Ya tsaya, Allah Ya sa. Mai shagon caji ya ce masa rabonsa da buhun Faruku an kwana biyu, ya ɗauka ya koma wani shagon ne. Masu babur a bakin kasuwa suka ce hanyar Tungar Kyauta ba ta shiguwa yanzu, an tare ta. Wani ya ce ya ga wasu 'yan garin a Shinkafi, a wata makarantar firamare da masu gudun hijira ke kwana. Can ya same su.

Wata maƙwabciyar Inna Yalwa, Hannatu, ita ta ba shi labari, shi kuma ya ba ni, a guntu-guntu, ba rana ɗaya ba. Mutanen daji sun zo da hantsi. Ba su harbi kowa ba. Sun tara gari a gindin tsamiya, suka ce kowa ya kawo wayarsa. Suka tafi da wayoyin, suka tafi da Faruku da babur ɗinsa. Suka ce za su dawo in dawa ta isa yanka, garin zai yanke musu tasu kafin ya taɓa tashi. Daga tafiyarsu zuwa dawowarsu an samu tsakani mai ɗan tsawo. A cikinsa hanya a buɗe take. Masu ƙafa suka fita. Waɗanda ke da wani a waje, labari ya kai masa, ya zo ya ɗauke su.

"To don mi ba wanda ya aiko mini?" in ji Sirajo. "Inna Hannatu, Kaura ce fa. Ko direba kuka gaya wa, ai zai same ni."

Matar ta dube shi da mamaki.

"Aiko maka? Ai kai kana gani."

"Ina ganin mi?"

"Ita ta ce. Tun da ta dawo daga asibiti take faɗi, duk gari an sani. Ta ce Auta na da allo, kullum da sahe yana ganinmu a ciki. Mun ce ta taho, ɗana ya ce zai goya ta har titi. Ta ce a'a, kada ka zo ka tarar ba ta nan, ka shiga nema cikin daji. Ta ɗaure kayanta, ta cire waken da ya bushe, ta zauna bakin ƙofa. Ta ce yanzu haka ka gani, kana hanya."



Abin da ya biyo baya jira ne, irin wanda ba ya bayyana a allo. Ya je wurin duk wanda ake zuwa. An saurare shi, an rubuta, an ce a yi addu'a. Ya yi niyyar shiga da ƙafa, dattawan garin da ke Shinkafi suka hana shi, suka ce in aka gane ɗan wane ne, ita ma abin zai ƙara yi mata nauyi. Yakan zo ofis, don saƙon sauran garuruwa bai tsaya ba. Ya tura farashi, ya duba fitilu. Maganinta na nan cikin aljihun tebur, a ƙulle cikin leda, wanda ya saya yana jiran Faruku. Ya san ranar da na hannunta zai ƙare. Bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.

Sai da aka gama yankan dawa aka sassauta hanya. Wasu samari biyu suka fito da ita a amalanke har bakin titi, daga nan aka sa ta a mota. Ta faɗi ne a tsakar gida, in ji su, tana shanya wake. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Ƙullin kayanta na tare da ita, yadda ta ɗaure shi tun farko, ba ta kwance ba.

A asibiti Sirajo ya tambayi likita ko da an kawo ta da wuri, ko da maganin bai yanke ba. Likitan ya ce Allah ne masani, ya ci gaba da rubutu. Da muka fito na ce masa abin da kowa ke ce masa, cewa ko da ya shiga ranar da suka sayi rake, ba wanda ya san abin da zai tarar. Ya ce, "Na sani, Baba. Ranar hanya a buɗe take."

Aka kawo ta ɗakin da ke jikin zaure. Zulaihat ke yi mata komai, wanka da juyi da ba da kunu a cokali, ga ta da ciki. Ezekiel ya zo ya sa mata ƙwan sola da 'yar fanka, ya durƙusa ya ce, "Mama, mijin batir ne ya zo gaishe ki." Gefen bakinta mai motsi ya ɗan ɗaga. Shi ya fita waje ya daɗe yana gyaran wayar da ba abin da ya same ta.

Sirajo yakan dawo da La'asar ya zauna kusa da ita. Daga zaure ina jin muryarsa. Yana ba ta labarin kasuwa, wa ya zo, wa ya tafi. Sau ɗaya na ji ya ce, "Inna, ban gan ki ba. Ba ni ganin kowa a ciki. Lamba ce kawai nike gani." Ya sake cewa, "Ki yahe mini." Zulaihat ta ce tsohuwar ta ɗaga hannun hagu ta kama masa kunne, ta ɗan ja, yadda ake yi wa yaron da ya faɗi shirme. Ko me take nufi, ita ta sani.

Ta rasu kafin ruwan farko, ranar wata Laraba da hantsi. A Kaura aka binne ta. 'Yan Tungar Kyauta da ke Shinkafi sun zo a mota ɗaya. Faruku ma ya zo, an sako shi, ya rame har sai da ya faɗi sunansa na gane shi. Ya riƙe hannun Sirajo ya daɗe bai saki ba. Bayan sadakar uku Zulaihat ta haihu, mace. Aka sa mata sunan kakarta, ana kiranta Inna ƙarama.

Sirajo yana nan a ofishin har yau. Ya canza yadda allon yake. Yanzu layin shiga da layin jira na kowane ƙauye a haɗe suke, ɗaya bisa ɗaya, ba a buɗe wannan a bar wancan. Ya kuma sa wata ƙararrawa da ba ta cikin abin da aka koya masa: in ƙauyen da aka san shi da haƙoran zarto ya kwanta sumul, ko wakilinsa ya yi shiru fiye da yadda ya saba, sai ta yi ƙara, ko da fitilu duka kore ne. Ta yi ƙara sau da dama. Wani lokacin wakilin ne ba shi da lafiya. Wani lokacin da gaske an gyara sabis. Wani lokacin kuma ba haka ba ne.

Mutane sun ji labari, sukan zo. Kwanan baya ina zaune kan benci wata mata ta shigo da goyo, ta ce mahaifinta na wani ƙauye a bayan Zurmi, an ce a nan ana duba mutum.

"Ba a duba mutum, Yaya," in ji Sirajo. "Zauna in gaya miki abin da ke akwai. Wayoyin garinku sun karɓi saƙo jiya. Wakilinku ya turo labari shekaranjiya, ya ce an fara huɗa. Iyakar abin da na sani ke nan. Wa ke riƙe da wayar babanki, ko ya ci abinci, ko yana da lahiya, wanga allon bai san shi ba."

"To mi zan yi?"

"Kina da wanda zai iya zuwa?"

"Ƙanena na da babur."

"Hanya na biyuwa yau. Gobe ban sani ba."

Ta gyara goyonta, ta yi godiya, ta fita da sauri.